Lamba Arba'in da Bakwai

Ranar da san Surayya mai jan amalanke ya mutu, Sanda bai tambayi 'yarsa komai ba. Ya dai ji ta ce, cikin kuka, cikin san ne ya kumbura, ta kira Mai Amsa, ta yi abin da aka gaya mata. Wannan ya ishe shi. Ya goge hannunsa mai warin gazuwal, wato man dizal, a riga, ya rufe injin niƙansa, ya hau babur sai Tasawa, inda ofishin Mai Amsa yake.

Mai Amsa na'ura ce mai basira ta ƙungiyar manoma da makiyaya. Ka kira ta a waya, ta ba ka shawara da Hausa. Shekara biyu da suka wuce aka bi kasuwanni ana ɗaukar maganar duk wanda ya san wani abu game da gona ko dabba, aka koya mata. Sanda ma ya sha shayinsu a kasuwar Korgom, domin shi mutum ne da ba a taɓa jin "ban sani ba" a bakinsa ba. Kowane mai magana lamba aka ba shi, aka ɓoye sunansa. Kwamiti ke riƙe da na'urar: manoma uku, makiyaya uku, da likitar dabbobi. Sanda yana cikin manoman.

Tanna kuma yana cikin makiyayan. Shekara shida ke nan da shanun Tanna suka cinye wa Sanda hatsi, mai gari ya ce ai Sanda ne ya shuka cikin burtali. Har yau abin yana cin ransa. Yanzu ga san da 'yarsa, wadda mijinta ya rasu, take jan amalanken ruwa da shi tana ciyar da marayu uku, ya tafi. Wa zai koya wa na'ura maganin sa in ba makiyayi ba? Shi ma ya ga Tanna ranar a Korgom, zaune gaban abin ɗaukar magana.

Likitar dabbobin, Ilham, ta duba, ta ce shawarar ta fito daga lamba arba'in da bakwai. Ta amsa cewa laifin kwamiti ne gaba ɗaya, tunda sun bar magani ya wuce ba a tantance shi ba. Ta ce an cire shi, kuma daga yau ba wani magani da zai fita sai ta sa hannu. Kowa ya yarda.

Sanda ya ce bai ƙoshi ba. Suna yake so.

Mako uku ya yi yana bin mutane gida gida, har Hawandawaki cikin rairayi. Shi da kansa ya tsara hukuncin: a kunna muryar mai lambar a gaban babban taro, a kore shi daga ƙungiya, a hana shi iri da abincin dabbobi na rumbunta har abada. Kalmar "har abada" sau biyu ya sa aka rubuta ta.

Surayya ta same shi wajen injin, ta durƙusa.

"Baba, don Allah ka bar maganag ga. Ni na yahe."

Ya ce ita ta yafe, shi bai yafe ba. Ta buɗe baki za ta ƙara, ya tada inji.

A zaman kwamiti Tanna ne ya fi kowa tsayawa. Ya ce an yi wa mutane alkawarin sirri kafin su yi magana, in aka karya shi ba wanda zai sake koya wa na'urar komai. Da aka fito ya tare Sanda a bakin ƙofa.

"Malam Sanda, ka janye. Saboda Allah nika hwaɗa maka."

Daɗi ya rufe Sanda. Mai gaskiya ba ya roƙo haka. Ya ce masa su haɗu ranar Lahadi.

Ƙuri'a huɗu da uku, Sanda ya ci.

Ranar Lahadi rumfar taron ta cika har waje. Sanda ya sa sabuwar shadda, ya zauna a layin gaba inda zai ga fuskar Tanna da kyau. Tanna ya sunkuyar da kai. Surayya ba ta zo ba. Ilham ta tambaya ko akwai mai son a fasa, Sanda ya ce ta kunna kawai, rana tana yi.

Lasifika ta yi ƙara. Aka ji hayaniyar kasuwa, da ƙarar kofin shayi, da wani yana dariya. Sai murya ta fito, mai ƙarfi, cike da yarda da kai:

"Kai Tanna, matsa ka ji aikin manya. In cikin sa ya kumbura, ka ɗura mai gazuwal litir guda. Ni Sanda na Korgom na hwaɗi."