Allurar da Ke Goge Tabo

To, tun da aka kawo allurar nan mai narkar da tabon da ciwo ke bari a zuciya, tsofaffin garin suka daina haki. Sai dai fa ba ta zaɓe, duk tabon da ta tarar a jiki sai ta goge shi.

Ranar allurarta ta uku, Tabawa ta kasa zama a bencin asibiti. Ta tashi, ta zauna, hannunta sai shafa kumatu yake yi. Zanen Gobirawan da aka yi mata tun tana jaririya saura ƙiris ya ɓace.

"Inna, ki zauna mana," in ji malamar asibiti. "In kika tsallake wannan, ƙafa za ta sake kumbura, numfashi ya gagara."

"'Yar nan, ba za a bar min ko layi ɗaya ba?"

"Allura ba ta san layi ba, Inna."

Haka aka yi mata. Kafin ta kai gida, numfashi ya dawo kamar na budurwa, kumatu kuwa sun yi sumul. Ta zarce ɗakin yayarta Kande, wadda ido ya tafi, kunne ya bi shi, da yatsu kawai take gane mutane.

Tabawa ta durƙusa, ta ɗora hannun Kande a kumatunta. Yatsun suka bi, suka dawo, suka sake bi suna lalube.

"Sannu, baiwar Allah," in ji Kande. "In kin fita, ki turo min Tabawa. Yau ta makara."