Rana Daidai Tabarma

Tun da aka lulluɓe garin da rumfar girafin, wani siririn sinadari mai ƙarfi, mai hawa-hawa kamar ɓawon albasa, zafi ya zama labari. Rumfar ke tace haske ta sako mai sanyi. Mai son rana kuwa sai ya bi layi.

Ban da Iya Lantana, don autarta Rumasa'u ce injiniyar rumfar. Da hantsi Iya ta yanka kuɓewa, ta shanya, ta ɗauki waya.

"Auta, a sako min rana, daidai tabarma."

"To Iya, matsa gefe."

Sai ga rana ta sauko tsakar gida, ƙwal, iya faɗin tabarmar. Maƙwabciyarta Kande ta leƙo ta katanga, ta riƙe haɓa.

"Lallai kin haifa, Yaya!"

"Ke dai bari. Yarinyar da na goya, yau ita ke raba wa gari rana."

Tana juyowa ta tarar ƙadangarun unguwa sun rufe kuɓewar, wani kan wani, jajayen kawunansu duk sun koɗe saboda rashin rana. Ta ɗaga tsintsiya, ko ɗaya bai motsa ba.

Iya ta sauke hannu, ta sake kiran waya.

"Auta, ƙaro tabarma ɗaya. Na yi baƙi."