Dokin Ƙofar Ɗakin Baƙo

Da asuba Zulai'atu ta yi salla a zaune bisa doguwar kujera, don likita ya hana ta durƙuso tun da aka yi mata aiki a ƙashin ƙugu. Wata biyu ke nan da ta zame a bakin ruwan Yelwa wurin sarin kifi. Tana koyon taku a tsakar gida da ƙarfen dogarawa sai ta ji sallamar Baƙo, masassaƙin jirgin ruwan da ya nemi aurenta kafin ta faɗi.

Ta lallaɓa zuwa zaure. Ta riga ta ji labari, innarsa ta ce ba za a kawo mata gurguwa gida ba.

"Malam Baƙo, in janyewa ka zo yi, faɗi kawai. Ƙafata ba ta jure tsayuwa."

Bai dube ta ba. Ya tsuguna, ya ciro igiya, ya auna faɗin ƙarfen.

"Mi kake aunawa?"

"Jiya na fasa dokin ƙofar ɗakina, kar ki yi tuntuɓe. Amma ina ga ƙofar ta yi wa wannan abin kaɗan."

"Inna fa?"

"Ita ke miƙo min ruwan kwaɓa siminti. Tana faɗa, tana miƙowa."

Dariya ta kuɓuce mata har sai da wurin ɗinkin ya amsa.

Ta ce, "To, gadon ma a ɗaga shi."

Ya ƙulla alama a igiyar, ya cusa aljihu, ya fita.