Rigakafin da Ba Allura

"Ba kwalara ba ce," in ji likitar. Wallahi sai da na zauna a ƙasa!

Kun san gadon asibitin nan mai rami a tsakiya, bokiti a ƙarƙashi? A kan irinsa kwalara ta kashe ɗana na fari. Shi ya sa da 'yata ta fara gudawa, ga ruwan ambaliya ya shiga famfunan unguwarmu a Dhaka, na naɗe ta a sari, zanen da nake ɗaure da shi, na fito da gudu sai asibiti. Surukata na biye tana faɗa: "Ai na gaya miki! Wane irin rigakafi ne ba allura? Ɗan ruwa a kwalba, a kurɓa? Wasan yara!"

Ashe likitar nan ce ta zo layinmu bara da masu bincike, ta ba yara rigakafin kwalara na sha da hannunta, har da 'yata. Yau kuma sai ta shafa cikin yarinyar. "Ke sarkin kwaɗayi, ɗanyen mangwaro nawa kika ci?"

Yarinyar ta ɗaga yatsu huɗu.

Muna fita, surukata ta ja hannun likitar, ta rage murya: "'Yar nan, ruwan kwalbar nan, tsofaffi ma suna sha?"