Murhu a Ƙarƙashin Tafki

Kai da ka zo kana ce mini ka gaji da nema, gyara zama ka ji. An yi wani masunci da ke zaune da danginsa a bakin wani babban tafki, can gefen gari. Mutanen garin ba sa kiransu da komai sai baƙi, alhali babu wanda ya ga ranar zuwansu. Su kuwa abin da suka gada daga bakin tsofaffi shi ne, garinsu na nan a tsakiyar ruwan, birni guda da ganuwa da kasuwa, kogi ya ɓalle a wata damina ya haɗiye shi. Da fadamar bakin tafki ta yi daraja, masu lambu suka sa mata ido, sai dagaci ya tara masuntan ya ce su tashi. Masuncin nan ya ce, "Ranka ya daɗe, ai nan ne asalinmu." Dagaci ya ce, "Madalla. Nuna mini inda kakanka ya hura wuta. Na ba ka zuwa baɗi war haka, in babu ku yi gaba." Fada ta kwashe da dariya, don wa ya taɓa ganin wuta a cikin ruwa? Shi kuwa abin ya ƙona masa rai ƙwarai. Ga kabarin ubansa a wurin, ga tsohuwarsa da ko ƙofar gida ba ta iya kaiwa.

Bai tsaya musu ba, ya ajiye taru ya kama nutso. Kullum da hantsi sai ya tura kwale-kwale tsakiya, ya cika ƙirji da iska, ya nutse. Can ƙasa kuwa baƙi ƙirin, ko tafin hannunka ba ka gani, sai lalube. Ganuwa yake nema, wadda aka ce mahayi kan yi sukuwa a kanta. Ina! Laka, sai laka, sai wasu duwatsu da ke gurje masa gwiwa yana ture su da tsaki. Kunnensa ɗaya ya toshe, idanu suka yi jajir, tukunyar gidansa ta koma jiran abin da maƙwabta suka miƙo. 'Yan'uwa suka fara ɗaure kaya. Matarsa ta ce, "Malam, kada fa garin neman gira a rasa ido." Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza. Tsofaffi ba su haɗa baki don su yi mana ƙarya ba."

Damina ta sauka, tafki ya cika, nutso ya gagara. Ana cikin marka sai ɗakin girkinsu ya zube. Yana tsaye yana kallo ruwan sama na narkar da ginin kamar gishiri, har bango ya zama taɓo ya bi rariya. Da ruwa ya ɗauke, babu abin da ya rage sai duwatsun murhu guda uku, zaune daram inda matarsa ta girka su. Ya dafe kai. Ashe wauta ya yi ta tafkawa! Ginin ƙasar da bai jure marka ba, ta yaya zai same shi tsaye a gindin tafki? Nan take ya tuna duwatsun da yake turewa da tsaki.

Ruwa na ja da baya ya koma. Wannan karon bai yi gaggawa ba. Hannunsa ya faɗa kan dutse, kusa da shi ga wani, ga na uku, tsakaninsu daidai mazaunin tukunya. Ruwa kan tara duwatsu, amma bai iya girka murhu ba. Ya so ya ciro su, sai ya ga in ya kai su tudu duwatsu ne kawai, kowa na da irinsu a gida. Sai ya saro gwangwala ya kafa a wurin, kanta ya leƙo saman ruwa. Kashegari ya sami wani murhun, ya kafa wata. Dangin da suka ɗaure kaya suka ji kunya suka shigo, masu sara na sara, masu nutso na nutso. Kafin zafin bazara, wanda ya tsaya a gaɓa sai ya hangi gari tsaye a kan ruwa. Nan gwangwala ta yi cunkoso, nan lungu ya ratsa, can kuma fili fetal ba murhu ko ɗaya, kasuwar ke nan. Aka sa dagaci a kwale-kwale aka bi da shi lungu-lungu. Bai yarda ba sai da ya sa nasa mutumin ya nutse, shi kuwa ya fito da guntun tukunya daga tsakanin duwatsun, gindinta baƙi wuluk da tsohuwar wuta. Dagaci ya juya shi, ya sake juyawa. Can ya ce, "Ku zauna. Ashe mu ne baƙinku."

Ganuwar dai har ya koma ga Allah bai gan ta ba, kunnen nan ma bai sake buɗewa ba. Amma tsohuwarsa a ɗakinta ta cika, kusa da mijinta aka rufe ta, jikokinsa kuma a gaɓar nan suke shanya taru, babu mai ce musu baƙi. To, ka ji. Kai da ko jiƙewa ba ka yi ba kake kukan gajiya, tashi ka koma. Ba banza ba Hausawa suka ce, mai haƙuri yakan dafa dutse har ya sha romonsa.