Ranar da Maraɗi Za Ta Matso

Da la'asar ne, a gindin dutsen iyaka na Magama, kusa da garinmu Jibiya. Yaya, ɗan makarantar midil da ya zo hutu, ya ɗora mini kamfas, na'urar nan mai nuna arewa, a tafin hannu.

"Dutse ma yana riƙe da arewar ranar da ya daskare," in ji shi. "Da haka masana suka gane ƙasashe tahiya suke."

A shekarar ne auren Inna ya mutu, ta koma gidansu a Maraɗi, can ƙetaren iyaka.

"To, Maraɗi za ta matso, Yaya?"

Ya daɗe yana kallona. "Sannu-sannu, auta, kamar tsiron farce."

Na ce zan jira. Sai da na yi furfura na karanta cewa Jibiya da Maraɗi a faifan ƙasa ɗaya suke, tare suke tafiyarsu. Ko Yaya ya sani, ban samu tambayarsa ba.