Abin da Haƙarƙarin Kawu Ya Ji

Na'urar nuna hanya ta mutu daidai lokacin da ruwan sama ya rufe teku. Mu goma sha ɗaya ne a ƙaramin jirgin, ma'aikatan sansanin soja, muna dawowa daga tsibirin da ake gwajin kakkaɓo makamai masu linzami. Mai ya kusa ƙarewa.

Baturen injiniya sai danne-danne yake yi. Masu harbo makami a sararin sama, yau sun kasa gano hanyar gida.

Sai kawuna, mai sharar sansanin, ya tuɓe riga ya kwanta rigingine a ƙasan jirgin, ya rufe ido.

"Shi ke nan, tsoho ya riga mu gaba," in ji kukun sansanin.

Na ce, "Kawu, tashi mana, kana ba ni kunya!"

"Rufe min baki, 'yar nan. Kin fi injin ƙara."

Jirgi ya ɗaga, ya sauka, ya sake ɗagawa.

"Matuƙi, karya dama," in ji Kawu. "Igiyar ruwa ta bugi tsibirinmu ta dawo, ga ta nan a haƙarƙarina."

Shekara ashirin yana roƙona in koyi wannan ilimin karanta igiyar ruwa na kakanninmu mazauna tsibiri, ina ce masa zamaninsa ya wuce.

Bayan awa guda, bishiyoyin kwakwarmu suka ɓullo cikin hazo. Ana ta ihun murna, Kawu ko motsi bai yi ba. Na tuɓe takalmi na kwanta kusa da shi a kan jiƙaƙƙen katako.

"Kawu, ban ji komai ba."

"Ai kin yi shiru," ya ce. "Daga nan ake farawa."